Shin Littafi Mai Tsarki ya yarda da bauta?

Tambaya daga Dan Nima, Accra:
Malamai, barkanmu da warhaka. A gidan kason bayi na Cape Coast, a gaɓar tekun Ghana, an gina ɗakin sujada a saman kurkukun bayi maza. Shin Littafi Mai Tsarki ne ya ba Turawa masu cinikin bayi hujja, ko kuwa sun karkatar da shi ne?

Amsa daga Malam na Aboabo, Kumasi:
Ƙanena, Fitowa 21:16 ta yanke hukuncin kisa a kan wanda ya saci mutum ya sayar da shi, kuma cinikin bayi na tekun Atlantika a kan satar mutane ya tsaya. Bawa Ba'ibrane yana fita a shekara ta bakwai, sannan Maimaitawar Shari'a 23:15 ta hana a mayar da bawan da ya gudu ga ubangijinsa.

Amsa daga Yaya Mamobi:
Malam, da girmamawa, kun faɗi rabi. Littafin Firistoci 25:44-46 ya halatta sayen bayi daga al'ummai na kewaye, har a bar wa 'ya'ya gado, kuma Manzo Bulus ya umurci bayi a Afisawa 6:5 su yi wa iyayengijinsu biyayya. Masu gonakin auduga a Amurka sun riƙe waɗannan ayoyi gam.

Malam na Aboabo:
Gaskiya ne, 'yar'uwata, littafin ya tsara dokokin bauta, bai soke ta ba. Amma Bulus ya roƙi Filimon ya karɓi bawansa Unisimas kamar ɗan'uwa, kuma Kiristocin da suka matsa wa Ingila ta haramta cinikin a 1807 daga littafin nan suka kafa hujjarsu.