Wai da gaske ne ana yi wa ɓeran daji magani don a kashe kaska?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu zama a Amurka musamman ɓangaren Konetikat da New York ku taimaka min. Gidan da muka koma bayansa daji ne, yara kuma kullum suna wasa a ciyawa, makwabtanmu sai gargaɗi suke mana kan kaska da cutar Laim da cizonta ke jawowa. Sai na ga wasu suna ajiye ɗan bututun kwali cike da auduga a gindin bishiyoyi, wai ɓeraye ne za su kwashe audugar su kai sheƙarsu maganin ya kashe kaskar da ke jikinsu. Ni dai abin ya ɗaure min kai, ɓeran da muka sani da guba ake bin sa shi ne kuma za a yi wa magani? Yana aiki kuwa ko asarar kuɗi ce? Ina tsoron yaran nan wlh.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da gaske ne, kuma akwai hikima a ciki. Ita kaskar nan ba da cutar take fitowa daga ƙwai ba, tas take ƙyanƙyashewa, sai ta sha jinin farko a jikin wani ɗan ɓeran daji mai fararen ƙafafu sannan ta kwashi ƙwayar cutar, to in shekara ta zagayo ta ɗan girma, lokacin ko ƙwayar riɗi ba ta kai ba, shi ne take hawa mutum ta ba shi. Kin ga kenan ɓeran ne ma'ajiyar cutar, in aka kashe kaskar tun tana jikinsa an tare abin tun daga tushe. Audugar an jiƙa ta da permethrin, wani maganin kashe ƙwari. Akwai kuma wani akwati da ake sa abinci a ciki, ɓera ya shiga ci sai ya gogi wani ƙyalle mai fipronil, irin maganin da ake ɗiga wa karnuka a wuya, ya fita abinsa lafiya kaskar ta mutu. Ki dai kula in kuna da mage, permethrin na yi musu illa sosai.

Likitan Dabbobi:
Malam ya yi bayani daidai, amma Hajiya kar ki saki jiki. An yi babban gwajin akwatunan nan a unguwanni 24 na yankin Dutchess a jihar New York, masana Richard Ostfeld da Felicia Keesing ne suka jagoranta, sakamakon ya fito a 2022. Akwatunan sun rage kaska kusan da rabi, dabbobin gida ma cutar ta ragu a cikinsu, amma a mutane ba a ga ta ragu ba. Dalili kuwa ba a bayan gida kawai mutum ke haɗuwa da kaska ba, akwai filin makaranta, akwai wurin shaƙatawa, kuma guda ɗaya tak ta isa. Sannan ba ɓera kaɗai ke ɗauke da cutar ba, jaɓa ma tana ɗauka da wani ɗan kurege mai zane a baya, su kuma ba ruwansu da audugarki. Ga barewa da manyan kaskar ke hawa su sha jini su yi ƙwai, kullum sabbi take zubarwa a unguwa.

Ni shawarata ki sa bututun in kina da hali, amma abin da zai tsare miki yara shi ne duba jikinsu duk yamma, bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya, bayan gwiwa, matsematsi. Yawanci sai ta wuce kwana guda a manne kafin ta ba da cutar. In kin gani ki kama ta da hantsaki dab da fata ki ja a hankali, banda ƙona ta da ashana ko shafa mata man gas. In kika ga jan tabo yana faɗaɗa kamar zobe ko zazzaɓi, asibiti kai tsaye.

Ɗan Maradi:
Allah ya ƙara ilimi likita. To mu nan gida fa? Kaska ta addabi shanunmu da damina, ko za mu iya gwada wannan dabarar?

Likitan Dabbobi:
A'a ɗan uwa, kar ma ka fara. Kaskar shanunmu daban ce, wanka da feshi da cirewa da hannu su ne nata. Kuma a Najeriya ɓera na yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, duk abin da zai jawo shi kusa da ɗaki ko rumbu haɗari ne babba. Inda ake da irin matsalar ɓera da kaska a yankinmu shi ne Senegal da Mali, akwai wata kaska mai laushi da ke zama a ramukan ɓeraye har cikin ɗakuna, tana cizo da dare ta sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, sau da yawa maleriya ake ɗaukarsa.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita wane wata ya kamata in ajiye bututun, kuma sau nawa a shekara?