Muhawara: kwatar masunta a Kanada, wa ya kamata ya biya kuɗin gyaranta?

Malam Akanta: Duk lokacin kasafin kuɗi a majalisar dokokin Kanada, wakilan mazaɓun bakin teku sukan miƙe su nemi ƙari domin ƙananan tashoshin jiragen kamun kifi. A 2018 an ware dalar Kanada miliyan 250, a 2021 miliyan 300, kowanne na shekara 2, a 2024 kuma miliyan 463.3 na shekara 3. Ni dai ina ganin wannan zuba ruwa a rariya ne. Mai jirgin da ke cin riba da kwata shi ya kamata ya biya gyaranta, ba manomin da bai taɓa ganin teku ba.

Hajiya Mai Nazarin Kasafi: Malam, ai suna biya. Tashoshin nan kusan 1,000 ne a ƙarƙashin ma'aikatar kamun kifi da tekuna, kuma yawancinsu ƙungiyoyin masunta ne na sa-kai ke gudanar da su bisa haya. Su ke karɓar kuɗin ɗaure jirgi, su biya wuta da shara da ƙananan gyare-gyare. Abin da gwamnati ke ɗauka shi ne manyan ayyuka: yashe ƙasan ruwa, katangar tare igiya, da sake turakun da ke riƙe da kwata.

Malam Akanta: To a ƙara kuɗin ɗaure jirgin har ya kai ga manyan ayyukan.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ba zai kai ba, kuma dalilin yana cikin dutse. Katangar tare igiya ana lulluɓe ta da manyan duwatsu, kuma nauyin dutsen da ake bukata ba ya bin tsayin igiya kai tsaye, yana bin tsayin sau tsayin sau tsayin. Idan an tsara katanga don igiya mai mita 3 da dutse mai tan 5, aka wayi gari igiya ta kai mita 4, dutsen da zai tsaya sai ya kusa tan 12. Igiya ta ninka biyu, dutse ya ninka 8. Dutse irin wannan ba kowace ma'ajiyar fasa dutse ke fitar da shi ba, sai an yi jigilarsa daga nesa, a sa babban injin ɗagawa ya jera shi ɗaya bayan ɗaya. Kwatar da ke da jirage 20 da mai jirage 200 igiya ɗaya ke dukansu. Raba wannan kuɗi kan jirage 20 ka ga abin da zai faɗa kan kowane.

Malam Akanta: Ka ƙarfafa hujjata, Injiniya. Idan mai jirage 20 ba ta iya riƙe kanta, a rufe ta, a haɗa su a babba ɗaya.

Hajiya Mai Nazarin Kasafi: An daɗe ana yin hakan. Tashoshin shaƙatawa da waɗanda kamun kifi ya ja baya a cikinsu ana miƙa su ga ƙananan hukumomi, galibi bayan an gyara ko an ba da kuɗin gyara. A nan ban yi maka musu ba. Amma haɗewa tana da iyaka: lasisin kama lobsta, wata halittar teku mai kama da babban jatan lande, na yanki ne takamaimai, ba ka ɗaukarsa ka tafi inda ka ga dama. Ƙara wa jirgi tafiyar awa 2 zuwa da dawowa kullum, ka lissafa man dizal, sannan ka tuna a wasu yankuna tafiyar a cikin hunturu ake yinta. A kudu maso yammacin lardin Nofa Sikoshiya ana buɗe kakar lobsta a ƙarshen Nuwamba, jirage su fita da asuba maƙare da tarkuna.

Injiniya: Ni abin da ya fi damuna ba yawan kuɗin ba ne, yadda suke zuwa ne. Dubi jerin da Malam ya kawo: dunƙule na shekara 2, dunƙule na shekara 3, tsakani kuma jira. Ƙarfe ba ya jiran kasafi. Farantin ƙarfen da ake kafawa ya riƙe bangon kwata yana rasa kusan milimita 0.1 na kauri duk shekara a inda ruwan gishiri ke fantsama. Mai kaurin milimita 10, bayan shekara 40 kusan 4 sun tafi. Ƙarƙashin ruwa akwai magani mai arha: a liƙa dunƙulen zinki ko alminiyam, tsatsa ta cinye su ta bar ƙarfen, a sauya su in sun ƙare. In aka bari farantin ya huje, ƙasar da aka cika bayansa sai ta riƙa zurarewa cikin teku, rami ya buɗe ƙarƙashin daɓe ba wanda ya gani, sai ranar da motar ɗaukar kifi ta taka.

Kankare ma haka: gishiri ya ratsa ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Katako kuma tsutsar teku ke ɓurme shi, waje lafiya lau, ciki fanko.

Malam Akanta: Yashe fa? Wannan kam kowace shekara a kwashe yashi, ya dawo.

Injiniya: Gaskiya ne, kuma sau da yawa katangar da aka gina ce ke tare yashin da igiya ke turawa a gefen gaɓa, ya taru a bakin mashiga. Maganinsa awon zurfi akai-akai da kwangilar yashe ta shekaru, ba ta gaggawa ba. Ta gaggawa ta fi tsada, domin kai injin wurin kaɗai yana cin kaso mai tsoka.

Hajiya Mai Nazarin Kasafi: Sannan ɗan majalisa ya fi son yanke ƙyallen sabuwar kwata a kan sauya zinkin da ba ya fitowa a hoto. Bayan guguwar Fiona a Satumban 2022 kuɗin gyara sun fito da sauri, saboda ɓarnar kowa ya gan ta.

Malam Akanta: Na yarda da kuɗi tsayayye na kula da abin da ke akwai. Amma sharaɗina yana nan: a wallafa jerin tashoshin, da nauyin kifin da kowace ke saukewa, da sakamakon binciken lafiyarta, kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a.

Hajiya Mai Nazarin Kasafi: A sa darajar kifin a gefen nauyin, Malam. Tan ɗaya na lobsta da tan ɗaya na ƙananan kifi ba kuɗi ɗaya ba ne, in ka auna da nauyi kaɗai, kwatar da ta fi kawo kuɗi ce za ta faɗo ƙasan jerin.