Taƙaitawar shawarwari kan cin abinci a ƙananan gidajen abinci na Jos

'Yan'uwa, ga abin da na tattara daga doguwar tattaunawarmu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa a sanyin Jos, musamman da hunturu, babu abin da ke ratsa jiki kamar gwaten acha mai zafi wanda ya ji yakuwa da alayyafo da gauta, sai kuma tuwon shinkafa da miyar taushe.

2. A je da azahar, domin bayan la'asar yawanci nama ya ƙare, miya ta koma ƙasan tukunya.

3. Ba a yi jayayya kan tsafta ba: a duba ruwan wanke hannu da yadda ake rufe kwanuka. Ni ma nan na fi ba muhimmanci, domin gidan da uwa take girki kuma 'ya'yanta suke ci daga tukunyar da ake zuba wa baƙi ya fi kwantar mini da hankali.

4. An rabu kan man shanu. Wasu sun ce tuwo ba ya cika sai da shi, wasu kuma, saboda hawan jini, sun nemi a rage shi tare da gishiri.

5. Kaɗan sun fifita faten dankalin Turawa, tunda Filato ce gidansa.