"Wake ɗaya ke ɓata gari": ya dace da labarin Adamu?

Maman Biyu: Jama'a, ranar Lahadi mai wa'azinmu ya karanta Romawa 5:12, inda Bulus ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta biyo bayansa. Sai ya rufe da "wake ɗaya ke ɓata gari". Tun a majami'a abin yake yi mini yawo a kai. Karin maganar ta zauna daidai kuwa?

Ɗan Kafinta: Wane garin ma tukuna? Ni duk rayuwata na ɗauka garin da mutane ke zama ake nufi.

Maman Biyu: Haba ƙanena, garin tuwo. Ka kai dawa injin niƙa bayan an niƙa waken ƙosai ba a kakkaɓe ba, ka ji gafin da tuwon zai yi.

Malamin Lahadi: Ni abin da ya burge ni a ciki shi ne kalmar "ɓata". Ba a ɓata abin da dama lalatacce ne. A Farawa sura ta 1, sau bayan sau ana cewa Allah ya ga yana da kyau, a aya ta 31 kuma aka ce yana da kyau ƙwarai. Ƙaya da sarƙaƙƙiya da cin abinci da gumi sai a sura ta 3 suka bayyana. Wato garin mai kyau ne tun asali. Nan karin maganar ta yi daidai.

Baba Tsoho: Malam, ta yi daidai rabi. Wake daga waje yake faɗawa, gari bai zaɓe shi ba. Adamu kuwa an ja masa kunne a kan itacen sanin nagarta da mugunta, ya miƙa hannu da kansa. In ka ce wake, gobe yaro zai ce maciji ne waken, mu ba ruwanmu. Ai haka su ma suka yi: Adamu ya nuna Hawwa'u, ita kuma ta nuna maciji. Ni da "laifi tudu ne" zan ja.

Ɗan Kafinta: To Baba, mu da ba mu ci ba fa? Ezekiyel sura ta 18 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba.

Malamin Lahadi: Tambayarka ta girme mu duka. Filajiyus, wani malamin Kirista na zamanin dā, ya ce mugun misali kawai Adamu ya bar mana, kowane jariri fes ake haifarsa. Agustin, bishop na garin Hippo a Aljeriya ta yau, ya ce a'a, ɓacin ya shiga jinin zuriya. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a birnin Kartaj a shekarar 418 ta goyi bayan Agustin, kuma Katolika da yawancin Furotestan a kan wannan layin suke. 'Yan Otodoks na Gabas sun ce mun gaji mutuwa da karkata zuwa zunubi, amma alhakin cin 'ya'yan itacen na Adamu ne shi kaɗai.

Baba Tsoho: Ka ga a wajen Filajiyus ma sai a tsince waken a yar, a ci gaba da tuƙi.

Maman Biyu: Baba, bayan niƙa ake maganar. Wa ya taɓa tsince wake daga gari?

Ɗan Kafinta: Ni dai na ƙaru da garin tuwo. Shekara talatin ina faɗinta ina nufin unguwa.