"Ba girin-girin ba, ta yi mai": ina man Legas yake?

Mai Albasa, Mile 12: Salamu alaikum jama'a. Muna gardamar tattalin arziki a rumfa wani dattijo ya ce "ba girin-girin ba, ta yi mai", ya tashi abinsa. A 2014 aka sake lissafi aka ce arzikin Nijeriya ya kai dala biliyan 510, ya fi na kowa a Afirka, amma aljihunmu bai shaida ba. Wannan ba shi ne girin-girin ɗin ba?

Hajiyar Idi-Araba: Alhaji, ku maza kuna faɗin karin maganar nan ne ba ku taɓa matsar gyaɗa ba. Sai an soya, an murje, an kai niƙa, sannan a zauna ana juya ƙullun ana yayyafa ruwan zafi har mai ya fara tsatsowa. Girin-girin dole ne. Gargaɗin shi ne kada ƙarar ta ruɗe ka, don gyaɗar da ba ta ƙosa ba ko inji ya kwana yana ihu abin da za ta bayar bai taka kara ya karya ba.

Ɗan Agege: Hajiya ta gama magana. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a 2023, ga matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana. Ana kan niƙa ne, a yi haƙuri.

Mai Albasa: Haƙuri muke ta yi, ɗan'uwa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin motar da ke ɗauko mini kaya daga Aliero ta Jihar Kebbi ke cinye ribar. 'Yan acaɓarmu kuwa tun 2022 aka hana su aiki a Ikeja da Surulere da Apapa. Idan ta yi mai, a kwanon wa?

Malamin Obalende: Ni inda nake amfani da karin maganar daban ne, wajen zuba jari. Duk harkar da za a ce maka kuɗinka zai ninka amma ba a nuna maka hajar da ake saye da sayarwa ba, ƙara ce kawai. Kun tuna MMM, harkar ninka kuɗi ta intanet, da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Amma Sukuk, takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara a 2017, naira biliyan 100, hanyoyi 25 aka ɗaura wa kuɗin. Mai jari haya yake karɓa, ba kuɗin ruwa ba, kuma yana iya zuwa ya taka kwaltar da ƙafarsa.

Ɗan Agege: Allah gafarta Malam, Sukuk ma sai an biya. Kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci.

Malamin Obalende: Ban musa ba. Amma rancen da ya zama hanyar da albasar Alhaji za ta bi ba ɗaya yake da wanda ya tafi a kuɗin alawus ba.

Hajiyar Idi-Araba: Malam, mu masu adashi fa, da nawa ake shiga?

Malamin Obalende: Daga naira 10,000 ne Hajiya, hayar kuma duk wata shida ake biya.