Ina son fara kiwon murjani mai ƙananan baki, me zan fara saya?

Baban Ummi, Hanwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Tankina na ruwan gishiri lita 250 ne, wata huɗu ke nan da haɗa shi. Akwai kifi uku a ciki da murjani, wato halittar teku mai rai, irin mai laushi guda biyu, kuma alhamdu lillahi kowa na lafiya. To yanzu raina ya biya ga irin mai ƙashin dutsen nan mai ƙananan baki, wanda ake ce wa SPS, musamman Acropora mai rassa kamar ƙahon barewa. Wani mai sayarwa a Legas ya turo mini hotuna, ga shuɗi ga kore ga mai ruwan hoda, tun jiya nake ta kallonsu. Albashi ya shigo. Wanne zan fara ɗauka, kuma wace fitila kuke ganin ta dace?

Injiniya, Samaru:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, a ajiye maganar fitila tukuna. In an ɗauke wuta da daddare, awa nawa ruwanka yake ci gaba da motsi? Zafin ruwan nawa yake kaiwa da ƙarfe uku na rana? Kuma da wane ruwa kake haɗa gishirin?

Baban Ummi, Hanwa:
Akwai janareto, amma gaskiya ƙarfe sha ɗaya muke kashewa saboda mai. Zafi yanzu 26 yake nunawa. Ruwa kuma na burtsatsen gida ne, garau yake, shi muke sha.

Injiniya, Samaru:
To ɗan'uwa, don Allah kada ka tura wa mutumin Legas ko sisi a wannan watan. Bari in gaya maka abin da ya same ni, don ba na son ya sami wani.

Shekara biyu da suka wuce, cikin watan Afrilu, na tafi ɗaurin auren ƙanena a Funtua, kwana biyu kacal. Ina da Acropora guda bakwai a lokacin, ɗaya har ta kai faɗin tafin hannuna, daga ɗan reshen da bai fi kan yatsa ba na raine ta. Wuta ta tafi daren Juma'a, batirin da nake taƙama da shi ashe ya tsufa. Da na buɗe ƙofar falo ranar Lahadi, wari ne ya fara tarbata. Ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Na kunna tocilan na haska, sai ga naman murjanin yana saɓulewa daga ƙashi, zare-zare, yana lilo a cikin ruwa, ƙasansa farin ƙashi fes. Ma'aunin zafi na nuna 32. Na zauna a ƙasa na daɗe ban iya tashi ba. Halittu ne masu rai da na ɗauko daga inda Allah ya ajiye su, kuma a hannuna suka mutu.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, fitila za ta iya kwana biyu ko uku a kashe, murjani bai damu sosai ba, ai ko a teku ana yin hadari. Amma in ruwa ya tsaya cik, iskar shaƙa takan ƙare cikin 'yan awanni, balle da zafi, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Famfon da ke kaɗa ruwa a cikin tanki bai cika wuce wat 10 zuwa 25 ba. Batir ɗaya mai kyau da ƙaramin faifan sola sun ishe shi dare da rana. Ka ware masa layinsa shi kaɗai, kada a haɗa shi da talabijin da cajin waya. Nan kuɗin albashin nan ya kamata su fara zuwa.

Maman Walid, Tudun Jukun:
Allah ya mayar da alheri Injiniya. Ni ma ina goyon bayan wannan. Ka ƙara da ɗan injin hura iska cikin ruwa mai batir, irin wanda yake tashi da kansa in wuta ta tafi. Ba shi da tsada, ya cece ni ba sau ɗaya ba.

Malam Mai Kimiyya, Kongo:
Ni kan ruwan burtsatse zan yi magana. Baban Ummi, ruwan da ya yi maka kyau a kofi ba lallai ya yi wa murjani ba. Ruwan ƙasa yana ɗauke da abubuwan da ido ba ya gani, kamar ƙarfe da naitret da fosfet da silika, kuma kowace rijiya da irin nata. Kullum ruwa yana tashi sama da zafi, su kuma suna zama a tanki, ka ƙara wani ruwan su ƙaru. Wata shida sai ka ga gansakuka ta rufe duwatsu. Ka nemi matatar ruwa da ake kira RO mai haɗe da DI, wadda ke tace waɗannan abubuwan, da ɗan ma'aunin TDS mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ruwan da ya fito ya nuna sifili. Da shi za ka haɗa gishiri, da shi kuma za ka cike abin da ya ƙafe. Ka lura, ruwa zalla ake cikewa da shi, ba mai gishiri ba, domin gishiri ba ya bin tururi.

Sai abin da ya raba SPS da murjaninka mai laushi. Wannan gini yake yi dare da rana. Yana zuƙo kalshiyam da kabonet daga ruwa yana gina ƙashinsa da su, ruwan kuma yana raguwa da abin da aka ɗiba. A teku ba a ganin giɓin, a lita 250 kuwa kwana uku ya isa. Gishiri ka riƙe shi a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, wato wajen giram 38 a kowace lita ga yawancin gishirin da ake sayarwa, amma ka auna, kada ka dogara da sikeli kawai. Kalshiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, maganisiyam wajen 1300, alkaliniti kuma, wato ƙarfin kabonet ɗin da ke cikin ruwan, 7 zuwa 9 a ma'aunin da ake kira dKH. Wannan na ƙarshen shi ne abin sa wa ido. Duk lokacin da murjani ya ci alkaliniti maki ɗaya, kalshiyam kusan 7 kawai yake sauka daga cikin ɗari huɗu da wani abu, don haka alkaliniti ne ke fara tona asirin abin da ke faruwa. Kuma ba lambar ce ta fi muhimmanci ba, zamanta wuri ɗaya ne. Wanda ya tsaya a 7.5 wata da watanni ya fi wanda yau 7, jibi 10. Ni da kayan awo na kamfanin Salifert nake aunawa sau biyu a mako, ina rubutawa a littafi da kwanan wata.

Ɗan Sabon Gari:
Malam, tambaya. Na ji an ce bakin soda ake zubawa don ɗaga alkaliniti. To kanwa fa? Ai danginsu ɗaya, ga ta nan a kasuwa arha.

Malam Mai Kimiyya, Kongo:
Tunaninka ya yi daidai ta fuskar sinadari, ƙanena, kanwa tana da kabonet. Amma jiƙa ta a kofi ka ga abin da zai kwanta a ƙasa, yashi da laka da wasu gishirin da ba ka san yawansu ba. Ba za ka taɓa sanin adadin da ka zuba ba. Bakin soda zalla na girki shi ne daidai, ba hodar kek mai gauraye ba. Giram 3 a lita 100 yana ɗaga dKH ɗaya. A narkar da shi a ruwan RO, a zuba sannu a hankali inda ruwa ke gudu, kuma kada a wuce maki ɗaya a rana.

Alhaji Mai Tanki Biyu, Gyallesu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni a wurina zafin bazara shi ne babban jarrabawarmu a Zariya. 26 ɗin da Baban Ummi yake gani yanzu kyautar sanyin gari ce, a jira Maris da Afrilu. A cikin naman murjanin akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke karɓar haske su yi masa abinci, su ne kuma rabin launinsa. In zafi ya wuce abin da ya saba ko da maki ɗaya ko biyu ne ya daɗe, sai ya fitar da su, ya koma fari, ya zauna da yunwa. Abin da ya faru ke nan a babban shingen murjani na Ostireliya a 2016 da 2017, teku guda ke nan, ina ga ɗan akwatin gilashi a falo. Shawarata a sa tanki a ɗaki mai AC, a huta.

Injiniya, Samaru:
Ranka ya daɗe Alhaji, a nan kam zan ɗan saɓa maka. AC sai mai ƙarfin sola irin naka. Ni fanka biyu ƙanana na ɗaura a bakin tanki suna hura saman ruwa, an haɗa su da na'urar da ke kunna su in zafi ya kai 26.5. Iskarmu a Maris busasshiya ce, ruwa yana saurin tashi ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Maki biyu zuwa uku nake samun ragi. Sai dai lita huɗu ko biyar nake cikewa kullum.

Alhaji Mai Tanki Biyu, Gyallesu:
Haka ne, a Maris. Amma ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa bai zubo ba, iska ta yi nauyi, fanka ba ta kai maka haka. Nan ne nake jin tsoro.

Injiniya, Samaru:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. A makonnin nan robobin ƙanƙara nake jefawa a ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban, a rufe gam, ɗaya bayan ɗaya. Wahala ce, kuma in da hali injin sanyaya ruwa ya fi. Kada kuma a manta da hunturu. Daren Disamba da Janairu ruwa yakan sauka ƙasa da 23 in babu hita, hita kuwa wat 200 zuwa 300 take ci, tana iya shanye batir kafin asuba. Ni soso nake liƙa wa baya da gefen tankin, in rufa masa bargo da daddare.

Maman Walid, Tudun Jukun:
Tunda an zo kan hunturu, bari in faɗi na cikin gida, wanda maza ba su cika lura da shi ba. Man shafawa. Lokacin nan kowa hannunsa sharkaf yake da basilin, yaro ya zo ya tsoma yatsa yana kiran kifi. A wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla kafin a taɓa tanki. Sai maganin sauro na feshi, wannan guba ne kai tsaye, ni na hana shi a falon gaba ɗaya, gidan sauro muke ɗaurawa. Turaren wuta ma na mayar da shi ɗaki, domin injin kumfan nan mai fitar da datti iskar falo yake zuƙa yana cusawa cikin ruwa. Ƙura kuma sai murfin raga da yawan wanke matata. Kuma duk wani abu mai tagulla, ko kan famfo ne ko maganin kifi, kada ya kusanci ruwan.

Game da wanda za ka fara da shi Baban Ummi, ni Montipora zan ce, ita ma SPS ce. Akwai mai faɗi kamar faranti, ja ko kore, akwai mai yatsu. Tana yafe kuskure, tana saurin girma, kuma in wani abu ya lalace za ta dusashe ta ba ka kwanaki ka gyara. Acropora wani lokacin dare ɗaya take tafiya. Bayanta sai Stylophora ko Seriatopora, mai siraran rassan nan kamar sheƙar tsuntsu. Tawa Montiporar da na samo ba ta fi kwabo faɗi ba, yanzu ta kai murfin tukunya. In na kashe fitila na haska ta da tocila, sai in ga 'yan bakunan sun fito cunkus kamar gashin darduma, gefenta kuma da farin layi siriri inda sabon ƙashi ke fitowa. Farin bakin nan ba ciwo ba ne, girma ne, kada ya tsorata ka.

Baban Ummi, Hanwa:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jikina ya ɗan yi sanyi amma gara da na tambaya. Ke nan har yaushe zan jira, Hajiya?

Maman Walid, Tudun Jukun:
Ka bar tankin ya ga bazara ɗaya tukuna. In ka fita Mayu zafi bai wuce 28 ba, awonka ya zauna wuri ɗaya, kuma ka fara ganin ɗigo-ɗigon shunayya masu tauri suna fitowa a duwatsu da gilashi, to ruwan ya fara nuna. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, mu kuwa dutsen ma raino muke yi.

Malam Mai Kimiyya, Kongo:
Ƙari kaɗan. Kada ka bi masu cewa sai naitret da fosfet sun zama sifili. Murjani yana buƙatar ɗan abinci a ruwa, in ka tsane shi sarai sai launi ya koɗe. Naitret 5 zuwa 10, fosfet wajen 0.05, ni a nan nake ganin nawa sun fi walwala. Fitila kuma mai rinjayen shuɗi, awa takwas zuwa goma. Sabon murjani a ƙasa ake fara ajiye shi, a riƙa ɗaga shi sama cikin makonni.

Alhaji Mai Tanki Biyu, Gyallesu:
Ranar da za ka saya daga Legas, a jirgi a sako maka zuwa Kaduna ko Kano, cikin akwatin kula, ka je ka tarba da kanka. Kada ka yarda a jefa shi ƙarƙashin motar dare kusa da inji. Ka tambayi mai sayarwa ko reshen da aka raina a tanki ne ko daga teku aka ɓallo. Na tanki ya fi jure halinmu, ga shi ba a ɓarnata teku ba. Dukkan murjani mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai, shigo da shi daga waje sai da takarda, to ka san hannun da kake saye. In ya iso a tsoma shi a maganin kashe ƙwari irin Coral Rx, a yanke gindin da aka liƙa shi a kai a yar, domin maganin ba ya kashe ƙwai. Akwai wasu fararen tsutsotsi ƙanana masu cin Montipora, a ƙarƙashin faranti suke ɓuya, sai da tocila cikin dare ake ganinsu.

Maman Walid, Tudun Jukun:
Ba ma sai an kai Legas ba a karon farko. Tawa ta kusa taɓa gilashi, dole in rage ta. In ka gyara wuta da ruwa, bayan bazara zan ɓallo maka ɓalli biyu kyauta, Baban Walid ya miƙa maka.

Baban Ummi, Hanwa:
Allah ya bar zumunci Hajiya, na karɓa hannu bibbiyu. Injiniya, ko za ka samu lokaci ranar Asabar ka duba mini batun batir da sola? Ban san girman da zan saya ba.

Injiniya, Samaru:
In sha Allahu. Mu haɗu a Kwangila bayan la'asar mu wuce gidan tare. Kafin nan ka duba bayan kowane famfo ka rubuto mini wat ɗinsa, ka kuma ɗebo ruwan burtsatsen a roba mai tsabta, zan zo da ma'aunin TDS ɗina mu gani.