Wai Java Maƙaryaciya Ce? Daga Zauren Masu Rubuta Manhaja na Kaduna

Bashir: Assalamu alaikum. Jiya kwana na yi a kan manhajar ƙirga kaya da nake rubuta wa wani shago a Kasuwar Barci da yaren Java, janareta yana ta shan mai. Na zuba adadin katan a Integer guda biyu, na gwada su da alamar == don in ga ko daidai suke. Idan duka biyun 127 ne ta ce daidai suke, da sun kai 128 sai ta ce sun bambanta. Java maƙaryaciya ce, kuma ina zargin kwamfailar Eclipse, wato mai fassara wa na'ura abin da na rubuta a manhajar da nake aiki da ita.

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. Bashir, ka janye kalmar nan. Ita int tsurar lamba ce, Integer kuwa akwati ne da lamba a ciki, kuma == tambayarta ita ce ko akwatin ɗaya ne, ba ruwanta da abin da ke ciki. Java tana ajiye akwatunan -128 zuwa 127 a shirye tana maimaita su. Da javac, kwamfailar Java ta asali, da kwamfailar Eclipse duk Integer.valueOf suke kira, wato umarnin da ke ɗauko akwatin, don haka ka bar Eclipse ta huta.

Hauwa: Allah ya gafarta Malam, wanda aka yi wa tambaya iri ɗaya ya ba da amsa biyu, mene ne sunansa da Hausa? Mu a yaren Python ba mu san wannan wahala ba.

Malam Auwal: Kun santa, Malama. CPython ma, wato Python ɗin da aka fi amfani da ita, tana ajiye -5 zuwa 256.

Hauwa: Amma == tamu ƙima take dubawa, sai mutum ya rubuta umarnin is, mai tambayar ko akwatin ɗaya ne, da hannunsa kafin ya faɗa ramin.

Injiniya Kabiru: Ƙarya sai da niyya, na'ura kuwa ba ta da niyya. A ce mai baki biyu, na yarda. Yaran yanzu ba su ga Turbo C ba, tsohuwar kwamfailar yaren C, inda int ke ƙarewa a 32767, ka kai aikin wata kwamfailar, GCC, ya canza hali.

Hauwa: Yallaɓai, wa ake kira yara?

Bashir: Mai shago ya kira ni sau uku, jama'a. Me zan rubuta?

Injiniya Kabiru: Ban ambaci suna ba, amma wanda ya tsargu da shi ake.

Malam Auwal: A matsayina na shugaban zaure, ga taƙaitawa. An tabbatar Java ba ta yi ƙarya ba, 'yan Python sun amsa cewa tasu ma haka take, batun "mai baki biyu" kuma bai samu karɓuwa ba. Bashir, ka yi amfani da equals maimakon ==, ita ce mai duba abin da ke cikin akwatin. Na rufe maganar.

Hauwa: Ni dai ban amsa komai ba.